Wa ya gan ni da majinyaci kafin a ba ni maki?

Ummul-Khairi:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwana ɗalibai. Akwai abin da ke ci mini rai tun jiya, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a fahimtar da ni.

Makon jiya muka gama fostin ɗin sashen yara, wato zaman koyon aikin likita a bakin gado, mako takwas cif. Ban yi fashi ko sau ɗaya ba, kwanan asibiti kuma bakwai na yi. A ɗaya daga ciki aka kawo wata yarinya 'yar wata goma sha takwas da gudawa da amai, idanunta sun zurma, fatar cikinta in ka matsa ka saki sai ta daɗe ba ta koma ba. Bayan an gama ƙarin ruwa na farko aka bar ni da ita. Na zauna gefen uwarta har ƙarfe uku na dare ina ba ta ruwan gishiri da sukari cokali-cokali, ina ƙirga bugun jininta, ina rubuta abin da ta sha da abin da ta fitar. Da asuba ta buɗe ido ta nemi nono.

Jiya aka fitar da sakamakon ƙarshen fostin. An ba ni matsakaici, a ƙasa kuma layi ɗaya: "Tana da natsuwa, ta ƙara karatu." Babban likitan da ya sa hannu sau biyu kacal na taɓa ganinsa kusa, duka a zagayen safe, mu goma sha huɗu muna bin bayansa. Bai taɓa jin yadda nake tambayar uwa labarin ciwon ɗanta ba. Bai taɓa ganin hannuna a kan cikin yaro ba. Ina girmama shi ƙwarai, kuma na san aikin da ke kansa. Amma don Allah, me aka auna? Karatun me zan ƙara? In akwai abin da nake yi ba daidai ba a bakin gado, har yanzu ina nan ina yinsa, don babu wanda ya gani balle ya gyara mini.

Ɗan Aji Shida:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki yi haƙuri, duk mun sha wannan. Ni sassa huɗu aka rubuta mini "ya ƙara karatu", ko kalma ɗaya ba ta canza ba.

Abin da ya fi damuna ma littafin sa hannu ne. An ce ka sa kanula (robar da ake sawa a jijiya) kaza, ka ɗebi jini kaza, ka halarci haihuwa kaza, ka sa robar fitsari kaza, kowanne a sa maka hannu. Ranar ƙarshe sai ki ga layi a ƙofar ofishin rijistara, wato likitan da ke neman ƙwarewa, kowa riƙe da littafinsa. Mutumin da ya kwana bai rintsa ba zai buɗe shafi ya yi ta sa hannu daga sama har ƙasa, alhali bai ga ko ɗaya daga cikin ayyukan ba. Wanda ya yi da gaske da wanda ya cike nasa a ɗakin kwana, sa hannu iri ɗaya suka samu. A zagaye kuma, wanda ya iya kutsawa gaba, mai saurin ɗaga murya in an yi tambaya, shi ake riƙe fuskarsa. Mai kunya, ko da shi ya kwana da majinyacin, sai a ce ba a san shi ba.

Baba Likita:
'Ya'yana, na karanta, kuma ba zan ce ƙarya kuke yi ba. Amma ku bari in faɗi namu ɓangaren. Na haura shekara talatin ina koyarwa a bakin gado. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Idan ɗalibi ya tsaya ya gabatar mini da majinyaci na minti uku, ina gane ko ya taɓa jikin mutumin ko daga fayil ya kwafo. Wanda ya taɓa zai ce saifar ta sauko yatsu uku ƙasan haƙarƙari, tana da tauri, ba ta ciwo in an danna. Wanda ya kwafo zai ce saifa ta kumbura, ya yi shiru. In na tambaye shi ta ina ya fara laluben, nan take asiri ke tonuwa.

Shi ya sa har gobe nake kare tsohuwar jarrabawar nan ta dogon kes. A ba ka majinyaci na gaske, a bar ka da shi kamar awa guda, ka tambaye shi, ka duba shi daga kai har ƙafa, sannan ka zo gaban malamai biyu ka faɗi abin da ka gano da abin da za ka yi masa. Aikin likita ke nan na kullum. Majinyacin gaske yana mantuwa, yana karkatar da zance, yana ɓoye abin da yake jin kunyarsa, wani lokaci cututtuka uku ne a jikinsa. Wanda ya iya kamo bakin zaren a cikin wannan, ya iya aiki.

Inda na yarda da ku shi ne yawa. Da muna ɗalibai, 'yan kaɗan ne ke bin malami ɗaya, ya san sunan kowa. Yau rukuni bayan rukuni ake turo mini, ga majinyata na jira a waje. In na ce na san kowannenku, na yi ƙarya.

Ummul-Khairi:
Allah ya ƙara girma, Baba. Na gamsu da batun saifar. Amma ko a dogon kes ɗin, awa gudan da ɗalibi ke yi da majinyaci ai su biyu ne kawai a bayan labule. Labarin abin da ya yi daga bakinsa ake ji. In ya tsorata majinyacin, ko ya danna masa ciki har ya yi ƙara, ko ya bar masa jiki a buɗe, wa zai sani?

Dakta Maman Nana:
Ummul-Khairi ta sosa inda ke ƙaiƙayi. Ni a sashen horar da malaman likitanci nake aiki, wannan muhawara kuma ta girmi yawancin waɗanda ke zauren nan.

A 1990 wani malami a Amurka, George Miller, ya zana dala mai hawa huɗu don bayyana abin da ake aunawa a wurin ɗalibin likitanci. Hawan ƙasa: ya sani. Na biyu: ya san yadda ake aiki da sanin. Na uku: ya nuna a gaban mai jarrabawa. Na ƙololuwa: abin da yake yi da gaske ran da babu jarrabawa. Jarrabawar rubutu ta zaɓar amsa tana auna hawa biyun ƙasa, kuma tana yi da kyau. Fostin don hawan ƙarshe aka yi shi. To a nan ne kuma awonmu ya fi rauni, domin mun dogara da abin da malami ya iya tunawa bayan mako takwas.

Baba, game da dogon kes, da dukkan girmamawa: yana kama da aikin gaske, ban musa ba, amma guda ɗaya ne tak. Tun 1978 Arthur Elstein da abokan aikinsa suka nuna cewa yadda likita ya warware matsalar majinyaci ɗaya ba ya nuna sosai yadda zai yi da na gaba. Ƙwarewa tana bin irin cutar da mutum ya saba da ita. Ɗalibi ya faɗa kan mai ciwon sukari, wanda ya ga irinsa ashirin, ya yi fice. Abokinsa ya faɗa kan wata cutar jijiyoyi da bai taɓa gani ba, ya rikice. Sa'a ce ta raba su.

Hukumar ƙwararrun likitocin cututtukan ciki ta Amurka ta daina irin wannan jarrabawar baki tun 1972. A 1995 kuma John Norcini da abokansa suka fito da abin da ake kira mini-CEX. Abu ne mai sauƙi. Malami ya tsaya minti goma sha biyar zuwa ashirin yana kallon ɗalibi da majinyaci na gaske a cikin aikin yau da kullum, ya cike 'yar takarda kan yadda ya yi tambaya, yadda ya duba jiki, mu'amalarsa, da shawarar da ya yanke, nan take kuma ya gaya masa abin da ya gani. Guda ɗaya ba ta da wani nauyi. Ƙarfinta a maimaici yake: malamai daban-daban, majinyata daban-daban, har a san ko wane ne ɗalibin.

Baba Likita:
Dakta, minti ashirin, ɗalibi goma sha huɗu, kowanne sau nawa kika ce? Ki lissafa mini. Daga lokacin wane majinyaci za a yanko waɗannan sa'o'i?

Dakta Abu Hanif:
Ranka ya daɗe, in an ba ni dama in amsa wannan. Mu masu neman ƙwarewa mu ne muke tare da ɗalibai dare da rana. Na san wanda ke tsayawa har a gama, na san wanda ke sa hannu a takardar halarta ya sulale. Amma ba kasafai ake tambayarmu ba. Da za a raba aikin kallon nan tsakanin manyanmu da mu, kowa ya ɗauki ɗalibi biyu ko uku a mako, ba zai ci lokacin da ake tsoro ba, tunda majinyacin dole a duba shi, da ɗalibi ko babu. Abin da zai ƙaru kawai shi ne in kame bakina in bar ɗalibin ya fara.

Sai dai akwai laifin da ke wuyanmu, ni ma ina ciki. Shekara biyu da suka wuce akwai ɗalibin da na san bai kai ba. Sau biyu na ga ya rubuta awon hawan jini a fayil, na tambayi majinyacin ya ce tun safe babu wanda ya ɗaura masa abin awo. Na yi masa faɗa da baki. Ranar cike takarda ta zo, na riƙe biro na daɗe, daga ƙarshe na rubuta cewa ya gamsar. Na ji tausayin iyayensa, na kuma hango kiran da za a yi mini gaban kwamiti a ce in kawo hujja, ga shi ban rubuta komai ba lokacin da abin ya faru. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, domin wata rana shi kaɗai za a bari da majinyaci.

Dakta Maman Nana:
Allah ya saka maka da wannan gaskiya, Dakta. Kusan abin da Nancy Dudek da abokanta suka ji ke nan daga bakin malaman asibiti a Kanada, a bincikensu na 2005 kan abin da ke hana a kayar da wanda ya cancanci faɗuwa: ba a rubuta abin da ya faru ba, ba a san me ya kamata a rubuta ba, ana gudun ɗaukaka ƙara, kuma in an kayar da shi babu tsarin da zai gyara shi. Takardar kallo ta mako-mako tana maganin na farkon. In ka je gaban kwamiti da rubutu uku masu kwanan wata, ɗaya naka biyu na wasu, maganar ta wuce a ce ƙiyayya ce.

Sista Maijidda:
Ku yi haƙuri in sa baki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara goma sha tara a ɗakin kwanciya. Ɗalibi fuska biyu gare shi, ta zagayen safe da ta bayan babban likita ya fita. Ta biyun mu muke ganinta.

Akwai wata ɗaliba da ba na mantawa. Za ta sa wa wani dattijo kanula, jijiyoyinsa sun ɓuya. Ta gwada sau ɗaya ba ta samu ba, ta sake ba ta samu ba. Sai ta ajiye, ta ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, bari in kira wadda ta fi ni." Ta zo ta same ni, ta tsaya tana kallon yadda na ɗaure hannun, na sauke shi ƙasa da gado, na jira jijiyar ta cika. Washegari ta dawo ta ce in tsaya a kanta ta gwada a wani. A rukuninsu kuma akwai wanda ya fi kowa amsa tambaya. Ya huda wata baiwar Allah sau biyar don kada a ce ya kasa, ya tafi ya bar allurar a kan zanin gado. Ni na tsince ta. Da sakamako ya fito, shi ne a sama. Babu wanda ya tambaye ni, babu kuma gurbin da zan rubuta.

Dakta Maman Nana:
Sista, akwai makarantun da suka buɗe wannan gurbi, suna karɓar ra'ayin ma'aikatan jinya da abokan karatu, har da majinyata. Kuma ba ƙaramin abu kika taɓo ba. A 2005 Maxine Papadakis da abokanta suka buga bincike a mujallar New England Journal of Medicine. Sun ɗauki likitoci 235 da hukumomin lasisi suka hukunta a Amurka, suka koma kan fayilolinsu na makaranta, suka kwatanta da na abokan karatunsu da ba a hukunta ba. Waɗanda aka taɓa rubuta wa rashin ɗa'ar aiki tun suna ɗalibai sun ninka sauran kusan sau uku wajen yiwuwar faɗawa hannun hukuma, musamman marasa riƙe amanar aiki da masu ƙin karɓar gyara. Alamar tun a makaranta take bayyana, kuma sau da yawa ku kuke fara ganinta.

Ɗan Aji Shida:
To ni ina da ƙorafi kan OSCE, jarrabawar nan da ɗalibi ke bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya yana nuna aiki a gaban mai jarrabawa, tunda ita ake cewa ta zo ta gyara komai. Mun haddace ta tsaf. Ƙararrawa ta buga, ka shiga, ka gaida majinyaci, ka faɗi sunanka, ka shafa maganin wanke hannu, ka nemi izini, ka ce kana buƙatar mai rakiya, duk don mai riƙe da takarda ya yi ta sa alama. Minti bakwai, ƙararrawa, ka ruga tasha ta gaba. Da idona na ga wanda ya ɗora abin sauraro a wurare huɗun da ake so a ƙirji, bai tsaya ya saurari komai ba, ya kuma samu makinsa cif. Wannan ya iya jarrabawa ne, amma ban san ko ya iya jin zuciya ba.

Yaya Mai Kwaikwayo:
Ni ba likita ba ne, amma shekara huɗu ke nan ina zama majinyacin kwaikwayo a irin wannan jarrabawar. Ana ba ni labari in haddace: shekaruna kaza, ciwon ƙirji tun jiya, kada in ambaci shan taba sai an tambaye ni. Ɗalibi ashirin ko fiye suke wucewa ta gabana a yini, labari ɗaya, ciwo ɗaya. Daga kan gadon nan bambancinsu a fili yake. Wani yana jero tambayoyi idonsa na kan agogo, ina cikin amsa ta farko ya jefo ta biyu. Wata kuma da na ce, "Tsoro nake ji, haka mahaifina ya fara," sai ta dakata, ta dube ni, ta tambayi abin da ya sami mahaifin nawa. To a nan amsar take ɓoye. Don haka ban yarda cewa wasa ce zalla ba. Ko ba komai, duka da ni ɗaya suka gamu, babu wanda zai ce an ba shi mai wuya an ba abokinsa mai sauƙi.

Dakta Maman Nana:
Abin da Yaya ya rufe da shi, shi ne dalilin ƙirƙiro ta. Ronald Harden na jami'ar Dundee a Sikotilan da abokansa suka bayyana ta a mujallar BMJ a 1975, don kowa ya bi tashoshi iri ɗaya, malamai da yawa su gan shi maimakon biyu. Majinyacin kwaikwayo ma ya riga ta, Howard Barrows ya fara amfani da shi a Kalifoniya a 1963.

Amma ƙorafin ƙanena ma an gwada shi. A 1999 Brian Hodges da abokansa a Toronto suka sa ɗalibai da masu neman ƙwarewa da gogaggun likitoci a tashoshi iri ɗaya. A takardar sa alama, gogaggun suka samu ƙasa da ɗalibai, saboda gogagge ba ya jero tambaya talatin, kai tsaye yake zuwa inda matsalar take. Da aka auna da hukuncin mai jarrabawa na gaba ɗaya, sai gogaggun suka koma sama. Wannan na Baba ne: idon gwani yana ganin abin da jerin alamomi ba ya kamawa.

Abin tsoron shi ne a dogara da ido ɗaya. A cikin masu jarrabawa akwai shaho akwai kurciya, haka ake kiran mai tsauri da mai sassauci. Chris McManus da abokansa sun duba jarrabawar PACES ta ƙwararrun likitoci a Birtaniya, suka buga a 2006 cewa kusan kashi 12 cikin 100 na bambancin maki daga tsauri ko sassaucin mai jarrabawa yake fitowa. A jarrabawar da ake horar da masu yinta ke nan. Ina ga takardar ƙarshen fostin da mutum ɗaya ya cike da abin da ya tuna?

'Yar Aji Huɗu:
Malama, ni wani abu ne daban ke ba ni tsoro. In kowane kallo zai shiga maki, wa zai yarda ya ce "ban sani ba"? Yanzu ma ɓoye rashin saninmu muke yi. A zagaye in an nuna hoton ƙirji aka ce kowa ya ga ruwan da ya taru, kai muke gyaɗawa, rabinmu ba mu ga komai ba, don wanda zai koya mana shi ne zai ba mu maki. In kuma ni za a bari in zaɓi ranar da za a kalle ni, majinyaci mai sauƙi zan zaɓa da malami mai fara'a.

Dakta Abu Hanif:
Ƙanwata ta faɗi gaskiya. Irin wannan matsin na cikin abin da ya sa a Amurka aka mayar da sashen farko na jarrabawar lasisinsu, Step 1, ci ko faɗuwa kawai tun Janairun 2022, wasu makarantunsu kuma suka cire jera ɗalibai a manyan fostin. Amma gasar ba ta mutu ba, wuri ta sauya, ta koma kan makin sashe na biyu, tunda masu ɗaukar likitoci horon ƙwarewa dole su samu abin da za su zaɓa da shi.

Dakta Maman Nana:
Shi ya sa Cees van der Vleuten da mutanensa a Maastricht ta ƙasar Holan suka dage cewa a raba abu biyu. Kallo ɗaya kada ya ci ko ya kayar da kowa, aikinsa gyara ne. Hukunci kuma kwamiti ne zai yanke a ƙarshe bayan ya karanta tarin takardun duka, da sakamakon rubutu, da na OSCE. Ban ce ɗalibai suna daina tsoro ba, amma nauyin ya sauka daga kan rana ɗaya da mutum ɗaya.

Akwai kuma sauyin tambaya da na fi so. Olle ten Cate na Utrecht, ita ma a Holan, ya kawo shi a 2005. Maimakon a ce wa malami ya ba ɗalibi shida ko bakwai cikin tara a kan "ƙwarewa", sai a tambaye shi aiki takamaimai: wannan ɗalibar, za ka iya barinta ta karɓi majinyaci ta duba shi? In eh, a wane mataki? Kallo kawai za ta yi, ko za ta yi kana tsaye a kanta, ko kana kusa ta kira ka in ta buƙata, ko za ka iya tafiyarka? A 2014 ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka ta fitar da irin waɗannan ayyuka 13 da ake son sabon likita ya iya ranar farko, har da miƙa majinyaci ga mai karɓar aiki, da gane wanda ke buƙatar taimakon gaggawa ya fara ceto kafin manya su iso.

Baba Likita:
Wannan tambayar na san ta, ita nake yi wa kaina kowane dare kafin in bar asibiti: wa na bari, kuma zan iya barci? In aka tambaye ni haka, ba zan iya rubuta "ya ƙara karatu" ba, dole in ce eh ko a'a, kuma ba zan ce eh a kan wanda ban gani ba.

Dogon kes dai ba zan sake shi ba, Dakta, domin har yanzu ban ga abin da ke nuna mini tunanin ɗalibi daga farko har ƙarshe kamarsa ba. Amma 'yata ta kama ni a batun labule. Rukunin da ke hannuna yanzu, zan riƙa shiga ina zama a gefe minti goma na farko, ba zan ce uffan ba. Ki turo mini takardar nan taku in gani. In ta wuce shafi ɗaya, ki rage ta.

Ummul-Khairi:
Na dawo bayan kwana biyar, na ga ya kamata in ba ku labari. Mun shiga sashen tiyata. Ranar Talata aka kawo wani saurayi da ciwon ciki ta gefen dama a ƙasa. Na yi ta maza na ce wa rijistaran da ke aiki, "Dakta, don Allah ko za ka tsaya ka ga yadda nake duba ciki?" Ya dubi agogo, ya ce in fara.

Ko minti takwas ba mu yi ba. Da muka fito ya ce abu uku ya gani. Na fara dannawa daidai inda saurayin ya nuna yana ciwo, sai ya ɗaure cikinsa, duk abin da na taɓa bayan nan tauri na ji. Kamata ya yi in fara daga nesa, in zo wurin a ƙarshe. Na biyu, idona na kan hannuna, ban ga lokacin da ya cije leɓe ba, alhali fuskar ce ke fara gaya maka. Na uku, a tsaye nake daga sama, shi ya sa da kan yatsu nake soka maimakon in shimfiɗa hannu. Ya jawo kujera ya nuna mini. Ya kuma ce tambayata kan inda ciwon ya fara, daga cibiya ya gangaro, ta yi daidai, in riƙe ta.

Duk ukun na karanta su a littafi, da an tambaye ni a takarda da na amsa. Amma shekara guda ke nan ina duba ciki a haka, har da cikin yaran nan na mako takwas.

Gobe akwai wata mai maƙoƙo a gado na shida. Na tambaye shi ko zai sake tsayawa, ya ce in zo kafin bakwai da rabi.